Haɗa Kwamfuta da Kayan Sautin Falo: Nazarin Wani Gida a Gombe

Falon yana cikin wani gida a Tumfure, tsawonsa mita 6, faɗinsa mita 4.5, ƙasansa tayil ne, bangonsa babu labule mai kauri. Kayan da ke ciki su ne talabijin mai inci 55 da ke nuna 4K, da risiba ta hannu, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi ta raba shi ga sifikoki, mai sifikoki biyar da wufa ɗaya ta bas, wato tsarin 5.1, da dikodar dish, sai laftof mai Windows 10 wadda maigidan ya tara fina-finai da waƙoƙi da tafsiri da bidiyon bukukuwan iyali a cikinta. Abin da yake so shi ne laftof ɗin ta zama tushen duk abin da ake kallo da ji a falon.

Wani yaron shago ne ya fara haɗa masa. Ya ja wayar HDMI daga laftof zuwa talabijin domin hoto, sannan ya ja wata waya mai tsawon mita 5 daga ramin iyafis na laftof zuwa ramukan ja da fari na bayan risiba domin sauti. Abin ya yi aiki, amma da ƙorafi huɗu. Akwai ƙugi da ba ya yankewa ko an tsayar da fim. Maganar 'yan wasa tana nutsewa cikin kiɗa da ƙarar mota. Waƙoƙin da suke da daɗi a waya sun koma suna wani irin kaushi da shuu-shuu, musamman a sifikokin baya. Sannan risibar kan kashe kanta da rana tsaka. Maigidan ya yanke cewa sifikokin ne suka gaji, har ya fara tambayar kuɗin sababbi. Mai gyaran da aka kira daga baya ya roƙi Alhajin ya dakata da saye, a fara bin sautin tun daga fayil har zuwa kunne. Da aka bi, babu sifika ko ɗaya da ta lalace.

Ƙugin da ba ya yankewa

Hanyar gano ƙugi ita ce a tsayar da komai, a ɗaga murya, a riƙa cire wayoyi ɗaya bayan ɗaya ana saurare. Da aka zare cajar laftof, wata siririyar tsuwa da ke saman ƙugin ta ɓace. Wannan ƙarar cajar ce, wadda ba ta asali ba ce, tana tura dattin wutarta cikin ramin iyafis. Amma ƙugin mai kauri yana nan. Bai tafi ba sai da aka kwance wayar dish daga bayan dikoda.

Dalilin shi ne wutar Najeriya tana kaɗawa sau 50 a sakan, a kan bolt 230. Kowace na'ura tana da abin da take ɗauka a matsayin ƙasa, wato sifilinta. Dish ɗin yana ɗaure da ƙarfe a jikin gini, don haka garkuwar wayarsa tana da nata sifilin. Risiba kuma tana soket daban, kuma da mai aikin wuta ya buɗe soket ɗin sai aka tarar ba a ma haɗa wayar at ba, wato wayar kariya da ke kai wutar da ta ɓata hanya cikin ƙasa. Ɗan bambancin da ke tsakanin sifili biyun nan sai ya samu hanya: daga dish zuwa dikoda, daga dikoda zuwa talabijin, daga talabijin zuwa laftof ta HDMI, daga laftof zuwa risiba ta wayar ja da fari. Wayar ja da fari ba ta san bambancin waƙa da wutar da ta ɓata hanya ba, duk abin da ya hau kanta risiba za ta ƙara masa ƙarfi.

Kurakurai biyu ake yawan yi a nan. Na farko, karya ƙafar at ta fulogi. Wani lokaci ƙugin kan ragu, amma an cire abin da zai kare mutum ranar da wuta ta taɓa jikin na'ura, kuma a gidan da yara ke wasa a kan tayil wannan ba abin gwadawa ba ne. Na biyu, sa wa wayar dish irin ƙaramar na'urar da ke raba garkuwar wayar eriya. A dish ba ta aiki, domin dikoda ta cikin wannan wayar take aika bolt 13 ko 18 zuwa kan dish, kuma na'urar tana tare wannan wutar, sai tashoshi su ɗauke gaba ɗaya. Abin da aka yi shi ne mai wuta ya kafa sandar at, ya haɗa ta da soket ɗin falon, ya ɗaure garkuwar wayar dish da ita a inda wayar ta shigo gida, aka mayar da talabijin da risiba da dikoda da laftof kan layin soket guda. Aka sauya caja. Wayar ja da fari kuwa aka cire ta kwata-kwata.

Ta ina sautin zai bi

Hanyoyi uku ne a gaba, kuma bambancinsu a yawan abin da kowace ke iya ɗauka yake.

Wayar haske, wadda ake kira TOSLINK, ba ta da ƙarfe a ciki, saboda haka ƙugi ba ya bin ta. Sai dai tsarinta na shekarun 1980 ne. Tana ɗaukar sauti marar matsewa na hanyoyi biyu kawai, hagu da dama, ko kuma 5.1 da aka riga aka matse da Dolby Digital, wanda iyakarsa kilobit 640 a sakan, ko DTS mai kusan kilobit 1,500. Hanya ta biyu ita ce laftof ta shiga talabijin, talabijin ta mayar wa risiba da sauti ta ARC, tsarin da ya zo da HDMI 1.4 a 2009. Iyakar ARC kusan ɗaya ce da ta wayar haske. Wanda ya buɗe wannan iyakar shi ne eARC, da ya zo da HDMI 2.1 a 2017, kuma talabijin da risibar gidan nan ba su da shi.

An gwada ta biyun, sai Windows ta ƙi nuna komai ban da sitiriyo, wato hagu da dama kawai. Wannan yana rikita mutane da yawa, har su yi ta sauke direba ba gaira ba dalili. Abin da ke faruwa shi ne duk na'urar da aka jona da HDMI tana aika wa kwamfuta ɗan bayanin abin da take iyawa, ana kiransa EDID. Talabijin ta ce sifika biyu gare ta, kwamfuta kuma ta yarda, ta haɗe hanyoyi shida na fim ta mayar biyu kafin su fita. Daga nan ne ƙorafin nutsewar magana ya samo asali. A fim mai 5.1 kusan duk maganar 'yan wasa tana hanyar tsakiya. Idan aka narkar da ita cikin hagu da dama tare da kiɗa da harbi, babu yadda za a ɗaga ta ita kaɗai.

Hanya ta uku aka ɗauka: laftof zuwa risiba, risiba zuwa talabijin, duk da HDMI. Nan take Windows ta nuna 5.1, domin yanzu risiba ce ke magana da ita, kuma HDMI tana ɗaukar hanyoyi takwas marasa matsewa. Akwai abin da aka rasa. Risibar tsohuwa ce, ba ta wuce da 4K mai hoto 60 a sakan, don haka aka tsayar da laftof a 1080p. A ganinmu wannan ciniki ne mai riba a gidan nan. Babu fayil ko ɗaya a laftof ɗin da ya wuce 1080p, kuma daga kujerar da ke mita 3 da allo mai inci 55 da wuya ido ya raba su, alhali kunne yana raba sitiriyo da 5.1 tun a minti na farko.

Saitin bai da yawa, amma kowanne yana da dalili. A Windows aka zaɓi 5.1, aka gwada kowace sifika da ƙarar gwaji don a tabbatar hagu hagu ce, aka sa 24 bit da 48,000 Hz domin shi ne ma'aunin sautin bidiyo, aka kashe duk ƙarin gyaran sauti na kamfanin laftof, aka bar izinin da ke ba manhaja damar riƙe na'urar sauti ita kaɗai. A Kodi, manhajar kunna fina-finai, aka zaɓi WASAPI, hanyar da Windows ke ba manhaja ta kai sauti kai tsaye, aka kunna mika Dolby Digital da DTS ga risiba yadda suke. Alamar an dace ita ce fuskar risiba ta rubuta sunan Dolby ko DTS da kanta. Fayilolin da aka matse sautinsu da wani tsarin daban, AAC mai 5.1, kuwa, kwamfuta ce ke warware su ta aika hanyoyi shida a buɗe, abin da wayar haske ba za ta iya ɗauka ba. A VLC an tarar an ja murya sama da kashi 100, wanda ke datse kan igiyar sauti ya haifar da kaushi tun kafin ya bar kwamfuta. Aka mayar da ita 100, ƙara da rage murya ya koma rimot ɗin risiba. Aka kuma saita laftof kada ta yi barci in an rufe murfinta. Tsarin kunnawa: talabijin, risiba, sannan laftof, domin idan laftof ta riga su tashi wani lokaci ba ta samun bayanin EDID, sai ta koma sifikarta.

Ta fuskar hoto, gefen allo yana yankewa har aka kashe zuƙowar da talabijin ke yi da kanta, baƙi kuma ya yi toka-toka har aka daidaita ma'aunin launi, domin kwamfuta tana ƙirga 0 zuwa 255, bidiyo kuma 16 zuwa 235, dole ɓangarorin biyu su yarda da guda. Murya tana riga baki fita saboda talabijin na ɓata lokaci wajen gyara hoto. Da aka kashe santsin motsi aka ƙara jinkirin milisakan 60 a risiba, sai suka haɗu.

Sifikokin kansu

Ta tsakiya tana cikin kabad a bayan gilashi. Aka fito da ita ƙarƙashin allo, aka ɗan ɗaga bakinta ya fuskanci kunnen mai zaune. Ta hagu an juya mata waya, ja a baƙi, baƙi a ja, don haka in ta dama ta tura iska ita sai ta ja, bas ya cinye kansa. Gwajin da sauƙi: a cire wayar daga risiba, a taɓa ta da batirin tocila mai bolt 1.5 na ɗan lokaci, idan kan batirin yana kan jar waya takardar sifika gaba za ta yi. Aka auna nisan kowace sifika da tef aka shigar a risiba, domin sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan, kowace mita kusan milisakan 3 ke nan. Na gaba biyu aka ajiye su kusan digiri 30 hagu da dama, na baya a wajen digiri 110, wato gefe da ɗan baya kaɗan, ba can ƙarshen bango ba. Duka biyar aka sa su a matsayin ƙanana a saitin risiba, aka tura duk abin da ke ƙasa da 80 Hz ga wufa. Siririyar wayar da ta je sifikokin baya aka sauya ta da ta jan ƙarfe mai kaurin milimita 1.5. Kafet ɗaya a tsakiyar falo da labule mai kauri sun rage amsa-kuwwar tayil fiye da duk wani saiti.

Mutuwar risiba da rana ba ta da alaƙa da kwamfuta. An shimfiɗa mata kyallen ado a kan ramukan iska, dikoda kuma tana zaune a kanta, a garin da zafi ke kai digiri 40 a Maris da Afrilu. Sannan an jona wasu sifikoki biyu na tsakar gida a kan ramukan na gaba. Sifika mai om 8 idan aka haɗa ta kafaɗa da kafaɗa da wata mai om 8, risiba om 4 take gani, sai ta ja wuta ninki, ta yi zafi, ta kashe kanta don kada ta ƙone. Aka cire su, aka bar mata sarari na santimita 15 a sama, aka hure ƙurar hunturu da ta toshe cikinta.

Inda gyaran waya ya tsaya

Bayan duk wannan, fina-finan da ke da sauti mai kyau sun fito tsaf. Amma ƙorafin kaushin waƙoƙi bai tafi ba, ya ma ƙara bayyana, domin yanzu babu ƙugin da zai rufe shi. A nan ne ainihin darasin lamarin yake.

Sautin faifan CD yana ɗaukar samfuri 44,100 a sakan, kowanne bit 16, hanyoyi biyu, jimla kilobit 1,411 a sakan, kusan megabait 10 a minti. MP3, wanda cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta yi ruwa da tsaki wajen ƙirƙirarsa aka kuma tabbatar da shi a 1993, idan aka sa shi a kilobit 128 yana rage wannan kusan sau 11. Yana yin haka ne ta zubar da abin da yake hasashen kunne ba zai ji ba. Ƙara mai ƙarfi tana danne mai rauni da ke kusa da ita, don haka manhajar tana ba wa mai raunin bit kaɗan ko ta watsar da ita. Dabara ce mai kyau ƙwarai, kuma idan an yi ta sau ɗaya daga asali mai tsabta, da isasshen ma'auni, yawancin mutane ba sa jin bambanci. An gwada wannan a falon da foobar2000, wadda ke da ƙarin da ke ɓoye wa mai saurare wane fayil ne ke kaɗawa. Aka ɗauki waƙa daga CD na asali, aka yi mata kwafi a 128 da 256. Ɗaya daga samarin gidan yana gane na 128 a wurin tafi da kuge. Na 256 babu wanda ya iya raba shi da asali.

To me ya sa fayilolin laftof ɗin suka lalace haka? Aka buɗe su da MediaInfo, wadda ke faɗin ma'aunin fayil, da Spek, wadda ke zana hoton sautin. Waƙoƙi da yawa an rubuta musu kilobit 320, iyakar MP3, amma a hoton sai ka ga an yanke su ƙaf a wajen 16,000 Hz kamar an sa wuƙa. Wannan alama ce ta cewa an taɓa matse su a wajen 128, ko an sauke su daga YouTube, inda sautin bai cika wuce kilobit 128 zuwa 160 ba, sannan wani ya sake juya su zuwa 320. Garin da aka riga aka tankaɗe, juye shi a babban kwano ba ya dawo da abin da ya tsaya a rariya. Abin ma ya fi haka muni, domin matsewa ta biyu tana ɗaukar dattin ta farko a matsayin waƙa, ta yi nata hasashen a kansa, ta ƙara nata dattin. Fina-finan da aka karɓo daga shagunan masu tura fim a waya sun fi shan wahala. An ƙanƙanta su don su shiga ƙaramin memori, sautinsu ya sauka kilobit 48 zuwa 64, wasu kuma sun bi ta WhatsApp a matsayin bidiyo, wanda shi ma yake sake matse su.

Yankewar 16,000 Hz ɗin ba ita ce ke damun kunne ba, domin yawancin waɗanda suka haura shekara 40 ba sa jin sama da haka. Shaida ce kawai. Abin da ake ji a zahiri biyu ne. Na farko a wurin bugu. MP3 yana aiki da guntayen sauti masu samfuri 576, kusan milisakan 13, kuma idan bugun kalangu ko tafi ya faɗo a tsakiyar guntu, dattin matsewar yana bazuwa har gaban bugun, sai kaifinsa ya dushe. Tsarin yana da gajerun guntaye don maganin wannan, amma in bit ya yi ƙaranci ba sa isa. Na biyu a harufan s da sh da ts na mawaƙi, waɗanda ke komawa kamar ana magana ta cikin ruwa.

Dalilin da ya sa aka fi jin wannan a sifikokin baya yana da muhimmanci. An bar risibar a kan Pro Logic II, tsarin da ke ƙirƙiro sautin baya daga sitiriyo ta hanyar ɗauko bambancin da ke tsakanin hagu da dama. Wannan bambancin kuwa shi ne inda manhajar matsewa ta fi yin rowa idan bit ya yi mata kaɗan. A waya ko a sifika biyu, sautin tsakiya yana rufe ɓarnar. Pro Logic sai ya tsamo ta ita kaɗai ya kai ta bayan kunnen mutum. Da aka mayar da waƙoƙi kan sitiriyo da wufa, kaushin ya ragu sosai ba tare da an taɓa fayil ba. Aka kuma daina tura waƙa daga waya ta Bluetooth, domin shi ma yana sake matsewa da SBC, ga jinkirin da ke iya haura milisakan 100.

Tafsiri da wa'azi ba su ba da matsala ba. Muryar mutum ɗaya ba ta buƙatar da yawa, MP3 mai hanya ɗaya a kilobit 64 ya ishe ta, Opus kuwa, wani tsarin matse sauti da ya fito a 2012, yana fitar da ita sarai a rabin haka. Waɗannan aka bar su yadda suke, a kan saitin da ke tura murya sifikar tsakiya.

Ga sauran aka yi tsari. Duk faifan CD na asali da ke gidan aka kwafe shi a FLAC, tsarin da ya fito a 2001 wanda ke matsewa ba tare da zubar da komai ba. Awa ɗaya ta CD megabait 635 ce, a FLAC takan sauka wajen 350 zuwa 400, ke nan faifai mai terabait 1 zai ɗauki kusan awa 2,500. Na waya ana fitar da su daga FLAC ɗin kai tsaye a kilobit 256, megabait 115 a awa, ba daga wani MP3 ba. Abin da ba a da asalinsa ana barin sa a tsarin da ya zo, ba a juya shi zuwa komai, kuma ana tura shi da filashi, ko Xender, ko a WhatsApp a matsayin takarda, hanyoyin da ba sa taɓa cikin fayil.

Bidiyon bukukuwan iyali ne ba su gyaru ba, kuma su ne maigidan ya fi so. Mai kyamara ya ɗauki sautin da makirfon kyamara yana tsaye gaban sifikokin taro, igiyar ta datse tun a ranar, sannan ya miƙo aikin ta WhatsApp. An rage kaifin sama kaɗan a risiba don ya saurarru, iyakar abin da za a iya ke nan. An nemi mai kyamarar ko yana da fayilolin asali, aka samu na biki ɗaya, kuma bambancinsa da kwafin gidan a bayyane yake duk da datsewar. Don bikin gaba an rubuta masa sharaɗi: ya ja waya daga mikisar mai kiɗa zuwa na'urar naɗa sauti, ya naɗa a WAV, tsarin da ba ya matsewa, 48,000 Hz da 24 bit, ya bar mafi ƙarfin ƙara a wajen desibel 12 ƙasa da iyaka, ya kawo aikin a filashi tare da fayil ɗin sautin daban.